Rumbun Sarauniyar Zuma

[Kiɗan buɗe shiri. A sassauta shi sannu a hankali, a shigo da ƙugin ƙudan zuma a bakin amya.]

MAI GABATARWA:

 

Zan fara da abin da kowace mai kiwon kaji ta sani. Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu, amma ƙwan da zai ba da ɗan tsako sai wanda aka samu bayan barbara. Idan aka yanka zakaran gida yau, ƙwan da kazar za ta saka gobe da jibi, har wajen mako biyu, yana iya ƙyanƙyashewa, domin akwai inda take ajiye irin zakaran a cikin jikinta. Daga nan ajiyar ta ƙare.

To, ku riƙe wannan mako biyun a zuciya. Akwai wata ƙaramar halitta da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ke yin irin wannan ajiya ta shekara biyu, uku, wani lokaci har biyar. Tana fita barbara cikin 'yan kwanaki kaɗan a farkon rayuwarta, ta dawo gida, ba ta sake kusantar namiji har ta mutu, amma kullum tana haihuwa. Wannan halitta ita ce sarauniyar zuma.

Batunmu na yau ya shafi haihuwa, saboda haka zan kira abubuwa da sunansu cikin ladabi, tun da ba a jin kunyar neman sani. Ƙwayoyin maniyyin namiji zan riƙa ce musu iri. 'Yar jakar da sarauniya ke ajiye su kuwa, zan kira ta rumbu. Manomi ya san darajar waɗannan kalmomi biyu fiye da kowa.

[Ƙugin zuma ya ɗan tashi, ya sauka.]

A cikin amya mai ƙarfi akwai ƙudan zuma dubbai, kashi uku. Mafi yawansu ma'aikata ne, kuma dukkansu mata ne. Su ke ɗebo ruwan fure da garinsa, su gina saƙa, su yi reno, su yi gadi, su ne kuma masu harbi. Sai maza, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a lokacin yalwa. Sun fi ma'aikata kauri, idanunsu manya har sun haɗe a tsakiyar kai, ba su da ƙari, ba su zuwa kiwo. Sai sarauniya, ita kaɗai, uwar kowa.

Daga ranar da aka saka ƙwai zuwa ranar fitowa, ma'aikaciya kan ɗauki kwana 21, namiji kwana 24, sarauniya kuwa kwana 16. Ƙwan da ke zama sarauniya bai bambanta da na ma'aikaciya ba. Abinci ne da ɗaki ke raba su: ana gina mata ɗaki mai faɗi da ke rataye kamar kwanson gyaɗa, a cika ta da wani farin abinci mai kama da kindirmo wanda matasan ma'aikata ke fitarwa daga jikinsu.

An daɗe ba a san haka ba. Shekaru aru-aru masana a Turai suna kiran wannan babban ƙuda sarki. A ƙarni na 17 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan Swammerdam, ya feɗe shi ya tarar da jakunkunan ƙwai, ya tabbatar mace ce. Amma ta yaya take ɗaukar iri? Babu wanda ya taɓa ganin tana barbara a cikin amya. Shi kansa Swammerdam zato ya yi cewa warin maza kawai ke shiga jikinta.

Wanda ya kafa hujjar da ta rufe gardama makaho ne. Sunansa François Huber, mutumin birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, wanda ya fara rasa ganinsa tun yana saurayi. Shi ke tsara gwaji, hadiminsa François Burnens ke dubawa ya faɗa masa abin da ya gani, matarsa kuma na taimaka musu. Suka tsare budurwar sarauniya a cikin amya tare da maza, aka ƙuntata ƙofa yadda ba za ta iya fita ba. Ta zauna ba ta ɗauki iri ba. Da aka buɗe mata ƙofa sai ta tashi sama, ta ɓace, ta dawo da wani farin abu maƙale a ƙarshen cikinta, bayan 'yan kwanaki ta fara saka ƙwai. Huber ya buga wannan a littafinsa na 1792. Tun daga lokacin aka yarda cewa auren sarauniyar zuma a sararin sama ake ɗaura shi.

[Gajeren kiɗa.]

Ga yadda abin yake. Idan sabuwar sarauniya ta kai kamar mako guda da fitowa, sai ta fara leƙowa waje. Da farko gajeren tashi take yi, tana kewaya amya tana haddace wurin: ga bishiya, ga reshe, ga ƙofa. Sannan wata rana bayan azahar, idan gari ya yi ɗumi kuma iska ba ta da ƙarfi, sai ta miƙe ta yi nisa, wani lokaci tafiyar kilomita biyu ko fiye.

Ina ta nufa? Mazan zuma suna da dandali. Wani yanki ne a sararin sama, tsakanin mita 10 zuwa 40 daga ƙasa, inda dubban maza ke taruwa kowace rana suna shawagi. Ba gida ɗaya ke aiko su ba. A wani dandali da aka bincika a Jamus, rahoton da ya fito a 1998 ya nuna mazan sun fito ne daga amya sama da 200. Kuma dandalin ba ya sauya wuri daga shekara zuwa shekara, alhali namijin zuma 'yan makonni yake yi a duniya. Na bana ba su taɓa ganin na bara ba, amma wuri ɗaya suke zuwa.

Da sarauniya ta shigo dandali, sai ƙamshin da take fitarwa daga wajen bakinta ya bazu. A 1962 wani masani a Amurka, Norman Gary, ya nuna cewa wannan ƙamshi ne ke jawo maza, bayan ya ɗaga sarauniyoyi sama a ɗaure yana kallon abin da ke faruwa. Mazan sukan yi jerin gwano a bayanta, masu manyan idanun nan suna tsere. Wanda ya fi sauri ya cim mata, cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Gabansa ya tsinke ya maƙale a jikinta, shi kuma ya faɗo ƙasa, ajalinsa ke nan. Na biye da shi ya cire abin da na farko ya bari, ya yi nasa, shi ma ya faɗo. Farin abin da hadimin Huber ya gani, ragowar na ƙarshe ne.

Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce ana ɗauka namiji ɗaya ke barbarar sarauniya. A 1954 Stephen Taber a Amurka ya kawo hujjar cewa suna da yawa. Yau an san cewa yawanci maza 12 zuwa 14 ne, wani lokaci fiye da haka nesa, a tashi ɗaya ko biyu ko uku. Bayan haka an rufe wannan babi. Ba za ta ƙara barin gida ba sai ranar ƙaura, idan amya ta cika ta rabu biyu.

Yanzu mu shiga cikin jikinta. Tana dawowa gida da iri mai ɗimbin yawa, wajen ƙwaya miliyan 80 ko fiye, ya cika hanyoyin ƙwanta guda biyu. Cikin kimanin awa 40 sai wani kaso ya bi ta wata siririyar hanya ya shiga rumbu. Abin da ke shiga miliyan 5 zuwa 6 ne kacal. Sauran duk ta fitar da shi waje. Abin lura shi ne, rumbun ba na mijin farko ko na ƙarshe kaɗai ba ne. Kowane namiji yana samun rabonsa, irin ya gauraye, kamar manomin da ya zaga gonaki goma sha biyu ya ɗebi tafi ɗaya daga kowace, ya haɗa a ƙwarya guda.

Shi rumbun kansa ɗan dunƙule ne a kusa da ƙarshen cikinta. Faɗinsa kamar milimita ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Idan aka feɗe budurwar sarauniya za a gan shi garau kamar ɗigon ruwa. Na wadda ta yi barbara sosai kuwa launin shayi da madara gare shi, saboda cunkoson iri. Kowace ƙwayar iri siririya ce mai dogon wutsiya, tsawonta kamar rubu'in milimita, suna kwance a nannaɗe, jere da juna.

Tambayar da ta fi ɗaure wa masana kai ita ce: me ke hana su mutuwa? Likitan dabbobi da ke son ajiye irin bijimi na shekaru sai ya daskarar da shi a sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Sarauniyar zuma tana ajiye nata a cikin amya mai ɗumin digiri 34 zuwa 35. Abin da aka gano shi ne, rumbun yana lulluɓe da ragar ƙananan hanyoyin numfashi da ke raya bangonsa, kuma akwai wasu 'yan jijiyoyi biyu a jikinsa masu zubo ruwa na musamman. Ruwan yana ciyar da irin, yana ɗauke da sinadarai masu kare shi daga lalacewa, yana kuma sa shi ya lafa kamar mai barci. Masu bincike a Ostireliya sun auna suka tarar iskar oksijin kaɗan ce ƙwarai a cikin rumbun, irin kuma yana sauya yadda yake samun ƙarfi zuwa hanyar da ba ta buƙatar iskar sosai. Manomin da ya taɓa zuba wake a buhun nan mai ninki uku, ya matse iska ya ɗaure baki, ya buɗe bayan watanni ya tarar da wakensa lafiya, ya san cewa toshe iska wata hanya ce ta adana.

[Kiɗan tsakiyar shiri.]

Jama'a masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan sarauniyar zuma, wadda ke tara irin maza a farkon rayuwarta ta ajiye a rumbun da bai kai ƙwayar gero ba. Mun ga yadda ake cika rumbun. Saura mu ga yadda ake awo.

A gidajenmu na karkara, cika rumbu da kaka rabin aiki ne. Ragowar rabin yana hannun mai awo, wanda zai san abin da zai fitar kullum don hatsi ya kai wata damina. Sarauniyar zuma ba ta da wata damina. Abin da ta shigar sau ɗaya, shi za ta ci har ƙarshen rayuwa. A lokacin da furanni suka yalwata tana iya saka ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana, wato ƙwai ɗaya ko fiye a kowane minti, dare da rana.

A bakin hanyar rumbun akwai wata 'yar tsoka mai aiki kamar famfo, wadda wani Bajamushe, Ernst Bresslau, ya bayyana a 1905. Shi kuma ƙwan zuma, mai kama da guntun farin zare, yana da wata 'yar ƙofa a kansa. Idan ƙwai ya gangaro zai fita, sai a dafe kansa daidai bakin hanyar rumbu, famfon ya saki ɗan ɗigo, iri ya shiga ta 'yar ƙofar. Ƙwaya nawa ake saki? Boris Baer da abokan aikinsa a Ostireliya sun ƙirga irin da ke jikin sababbin ƙwai, suka wallafa a 2016 cewa yawanci ƙwaya biyu ne a kan kowane ƙwai. Biyu tak. A wajen ɗan Adam da dabbobin gida, miliyoyi ke tafiya neman ƙwai ɗaya. Ku yi lissafi da kanku: miliyan 5, ana fitar da biyu-biyu, ya ishi ƙwai sama da miliyan 2. Da wannan tattali ne ajiyar 'yan kwanaki ke ɗaukar nauyin shekaru.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Sarauniya tana iya rufe famfon, ƙwai ya wuce bai sami iri ba. A wajen kaza irin wannan ƙwai sai dai a soya, in an kwanta a kansa ya zama baragurbi. A wajen zuma yana ƙyanƙyashewa, kuma abin da ke fitowa namiji ne. Ƙwan da ya sami iri yawanci mace yake bayarwa, ma'aikaciya ko sarauniya. Wanda bai samu ba, namiji.

Wanda ya fara faɗin haka wani limamin coci ne mai kiwon zuma a yankin Silesiya, wanda yau yake cikin ƙasar Folan. Sunansa Johann Dzierzon, shekarar kuwa 1845. Mutane da yawa suka ƙaryata shi, don a ganinsu ba a taɓa ɗa ba uba. Sai da masani Karl von Siebold ya duba ƙwai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga iri a ƙwan ma'aikata, bai ga ko ɗaya a ƙwan maza ba, ya buga sakamakon a 1856. Daga baya aka ƙirga zarurrukan gado da ke cikin ƙwayar halittarsu: mace tana da 32, rabi daga uwa rabi daga uba, namiji kuwa 16, duk daga uwa. Saboda haka namijin zuma ba shi da uba, amma yana da kaka, wato mahaifin uwarsa. Ba ya haifar ɗa namiji, 'ya'yansa duk mata ne, sai dai ya sami jika namiji ta wajen 'yarsa idan ta zama sarauniya.

Ta yaya sarauniya ke sanin lokacin buɗewa da lokacin rufewa? Ma'aikata ke gaya mata, ta hanyar gini. Ku dubi saƙar zuma da kyau, za ku ga gurabun ba girmansu ɗaya ba. Na ma'aikata faɗinsu wajen milimita 5, na maza ya haura 6. Kafin ta saka ƙwai, sarauniya kan cusa kanta da ƙafafunta na gaba a cikin gurbi. A 1970 Nikolaus Koeniger a Jamus ya nuna cewa da ƙafafun nan take auna faɗinsa. Ƙaramin gurbi, ta buɗe rumbu. Babba, ta rufe. Ma'aikata ne ke duba yanayin gari da yawan abinci su yanke yawan manyan gurabun da za a gina, ita kuma ta cika. Mulkin amya shawara ce tsakanin uwa da 'ya'yanta.

[Ƙugin zuma a hankali.]

Mai sauraro zai iya tambaya: in dai iri miliyan 5 ake bukata, kuma namiji ɗaya ma yana ɗauke da miliyoyi, me ya kai ta ga maza goma sha, da haɗarin tsuntsaye da iska da ɓacewar hanya?

Dalili na farko yana cikin gado. Akwai wata alama a cikin zarurrukan gadon zuma mai nau'i-nau'i, ku ɗauke ta kamar tsagar fuska da ake gane dangi da ita. Ƙwan da ya haɗa tsaga biyu mabambanta, ta uwa da ta uba, shi ke zama mace. Idan aka yi rashin sa'a tsagar uwa da ta uba suka zo iri ɗaya, sai ƙwan ya ba da namiji marar amfani ga gida. Jerzy Woyke na ƙasar Folan ya gano a farkon shekarun 1960 cewa ma'aikata na cinye irin wannan tsutsa jim kaɗan bayan ta ƙyanƙyashe. A 2003 Martin Beye da abokansa suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke wannan aiki. Sarauniyar da ta dogara ga namiji ɗaya, aka kuma yi dace tsagarsu ɗaya, rabin 'ya'yan da ta yi niyyar su zama ma'aikata asara ne. Yin nisa da gida da haɗa iri daga gidaje da yawa shi ke raba wannan haɗari ya zama kaɗan.

Dalili na biyu shi ne ƙarfin gida. Tun 1927, lokacin da Lloyd Watson ya nuna ana iya ɗura wa sarauniya iri da allura, masana suka sami damar gwadawa. A Jami'ar Cornell ta Amurka, Heather Mattila da Thomas Seeley sun kwatanta gidajen da sarauniyarsu ta sami irin maza 15 da waɗanda tasu ta sami na namiji ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2007 ya nuna masu uba da yawa sun fi saurin gina saƙa, sun fi tara abinci, sun fi tsallake lokacin sanyi. Wasu binciken sun nuna sun fi jure cuta. 'Ya'yan wannan uba sun fi kaifin neman fure, na wancan sun fi saurin fara fifita idan zafi ya taso, cutar da ta kama wasu ta bar wasu. Hausa ta raba 'yan uwa da 'yan uba, ta kuma san wanne ne ke da zumunci. Amya gidan 'yan uwa ne na haƙiƙa: uwa ɗaya, iyaye maza barkatai, aiki ɗaya.

To, idan rumbu ya ƙare fa, ko irin da ke ciki ya mutu? Sarauniya za ta ci gaba da saka ƙwai a ƙananan gurabu tana buɗe famfo, amma babu abin da ke fitowa. Sai maza su fara tasowa a gurabun ma'aikata. Mai amya zai gane haka da ido: maimakon murfin gurabun reno ya kwanta sumul, zai ga ya yi tudu-tudu, a warwatse. Sau da yawa ma'aikata kan riga mu ganewa, su reni sabuwar sarauniya tun tsohuwar na da sauran iri. Amma sharaɗin shi ne a sami ƙwan da ya ɗauki iri, ko tsutsar mace da ba ta wuce kwana uku da ƙyanƙyashewa ba. In babu, gidan ya kama hanyar mutuwa. Wasu ma'aikata za su fara saka ƙwai da kansu, biyu uku a gurbi ɗaya, amma da yake ba su taɓa barbara ba, duk maza za su haifa. Tsofaffi na mutuwa, babu masu maye gurbi, har amya ta zama kango.

[Gajeren kiɗa.]

Yanzu ga ku masu amya, da ku manoma maƙwabtansu, domin nan ne ilimin ke zama abin amfani.

Na farko, zafi. Wani bincike da Alison McAfee ta jagoranta a Kanada, wanda ya fito a 2020, ya gwada sarauniyoyin da aka fitar daga amya, ya nuna irin da ke rumbunsu yana cikin aminci tsakanin digiri 15 zuwa 38, amma 'yan awoyi a digiri 42 suna kashe kaso mai yawa. Sarauniyar tana nan da ranta tana yawo, ajiyarta ce ta lalace. A Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Ma'aikata na sanyaya gida da ruwa da fifitar fukafukai, amma sai sun sami ruwan. Ku sa amya a inuwa, kada ku rufe ta da kwano tsirara a rana, ku ajiye ruwa kusa da 'yan tsakuwa ko karare a ciki don su sami wurin sauka. In za ku ɗauki amya zuwa wani wuri, ku yi da dare ko da asuba, ku bar mata hanyar iska.

Na biyu, feshi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Bern ta Suwizalan sun nuna cewa mazan da aka rena da abinci mai ɗauke da wasu magungunan ƙwari na zamani, irinsu mai rai ya ragu da kashi 39 cikin 100. Sarauniyar da ta cika rumbu da irin wannan, gidanta ba zai yi nisa ba. Manomi, don Allah ka guji feshi a kan fure da rana tsaka. Ka bari sai yamma liƙis, bayan zuma ta koma gida, ka kuma sanar da maƙwabcinka mai amya.

Na uku, maza. Wasu na ganin cima-zaune ne, su yanke saƙarsu su zubar. Mazan amyarka su ne mazajen sarauniyar maƙwabcinka, nasa kuma su ne na taka. Yankin da aka ƙarar da mazansa, aka sare bishiyoyi masu kogo da zumar daji ke zama, dandalinsa zai yi ƙaranci, kowa kuma zai ji a jikinsa.

Na huɗu, haƙuri bayan ƙaura. Idan amya ta rabu, tsohuwar sarauniya ce ke tafiya, budurwa ke gadon gida. Ku ba ta mako biyu zuwa uku. Kada ku gusar da amyar ko ku juya ƙofarta a wannan tsakani, domin wurin da ta haddace nan za ta dawo. Idan amyoyinku na jere kuma sun yi kama, ku bambanta su da wata alama.

Na biyar, ranar shan zuma. Hausawa na cewa zuma sai da wuta, amma abin da ake bukata daga wutar hayaƙinta ne. Harshen wuta a cikin amya yana ƙone uwa da rumbunta cikin daƙiƙa. Ku yi amfani da hayaƙi mai sanyi, ku ɗebi saƙar da ta nuna aka rufe ta da kaki, ku bar saƙar ƙwai da tsutsa a inda take, ku kuma bar musu abin da za su ci. Amyar katako mai sanduna tana sauƙaƙa wannan, don ana ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a duba. Mai amyar ciyawa ma yana iya ɗiba ta baya ya tsaya idan ya iso wurin reno.

Jama'a, babu manomin kirki da ke daka irin shukarsa ya yi tuwo, komai daɗin tuwon. Zumar da ke cikin kwalba girbin bana ce. Girbin baɗi da na shekarar da ke biye yana cikin wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, a jikin uwa guda, wadda ta cika shi sau ɗaya kuma ba ta da damar komawa. Allah Maɗaukaki ya sanya wa sura guda a Alƙur'ani sunan wannan ƙuda, Suratun Nahli. Abin da aka girmama haka ya cancanci mu san shi, mu kuma kiyaye shi.

Gobe bayan azahar, wanda ke da amya ya je ya tsaya daga gefe, nesa kaɗan da ƙofa. Zai ji wani ƙugi mai kauri da ya bambanta da na ma'aikata, zai ga masu manyan idanu suna fita suna yin sama. Dandali suka nufa. A bar su su tafi.

A nan za mu dakata.  

[Ƙugin zuma ya tashi, ya narke cikin kiɗan rufe shiri.]